Satar Iri a Kan Katanga

Ni da farko ban so zuwa bikin nan ba. Zafin bana ba na wasa ba ne, ga ciwon gwiwa, ga shi kuma tunda nake ban taɓa jin an yi wa iri biki ba. Amma matan ƙungiyar masu lambu ta unguwarmu suka sa ni gaba. Suka ce tunda damina ta ƙarato za a haɗu a filin wata firamare can wajen Limanti, a nan Maiduguri, kowa ya zo da irin da yake da shi a yi musaya. Wai ni da na koyar da 'ya'yansu shekara da shekaru, yanzu na yi ritaya ina noman wake a buhuna da tsofaffin bokitai, ba zai yiwu a yi babu ni ba. Na sauko da gorana na iri daga inda yake rataye, na tari keke daga Bulabulin, ina mita har muka isa.

Fili ya cika maƙil. Ga rumfuna, ga tebura, ga samari da 'yan mata cikin riguna iri ɗaya suna kai-komo. Kuɓewa, yakuwa, rama, kabewa, barkono, zogale, kowanne an ƙulla shi a 'yar leda. Ni dai na zuba wakena a faifai, na ajiye goran a gefe. Yara suka yi ta ɗaukar hotonsa, sai ka ce ba su taɓa ganin gora ba. Da na yi tunani kuma, wataƙila ba su taɓa gani ɗin ba.

Can sai na lura da wata mata cikin lafaya da ta koɗe, tana bin teburan ɗaya bayan ɗaya. Takan tsaya ta duba, ta sunkuya ta ƙara dubawa, amma hannayenta na cikin lafaya, ba ta taɓa komai ba. Da ta iso gabana ta ga waken nan, ƙanana farare masu ɗigon ja a baki, sai ta tsaya cik. Bakinta ya ɗan buɗe. Ni kuwa wushiryarta nake kallo.

"Yagana?" na ce.

Ta ɗago. "Rifkatu? Rifkatun Mafoni?"

Ban san lokacin da na manta da gwiwa ba. Muka rungumi juna, tsofaffi biyu, muna kuka a tsakar rana mutane na kallo. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu muna yara. Daga baya ta yi aure can wani gari a bakin tafki, sai shekarun tashin hankali suka zo, ban sake jin ɗuriyarta ba. Na daɗe ina sa ta a addu'a ban san ko tana da rai ba. Ta ba ni labari a gajarce: miji ya rasu, gari ya watse, yanzu tana zaune da jikoki a wani kango da aka ba su aro a bakin gari. Ta ce akwai ɗan fili a bayansa. Tana faɗa idonta na kan faifan.

Sai ga wata yarinya daga cikin masu shirya bikin, mai fara'a, mai kirki ƙwarai. "Sannu da zuwa, Mama. Me kika kawo na musaya?"

Yagana ta ƙara cusa hannayenta cikin lafaya.

"Babu damuwa," in ji yarinyar. "Ga tebur can na waɗanda ba su zo da komai ba, kyauta ne. Hoto kawai za a ɗauke ki kina karɓa."

Na ga wuyan Yagana ya miƙe. "A'a, 'yata. Kallo na zo. Muna da iri a gida, da yawa ma."

"Haba Yagana," na ce, "ɗebi wannan mana."

"Na ce muna da shi."

Ta gyara lafayarta irin gyaran mai shirin tafiya. Gabana ya faɗi. Ruwa na hanya, na san idan ta fita daga filin nan hannu wofi, ciyawa ce za ta cinye fegin nan na bayan kango, jikokinta su yi ta kallo. Kuma ba ta faɗa mini inda kangon yake ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai muryar ce. Na san muryar nan. Da ita uwata ta yi damina guda tana cewa "mun ci."

Mu mutanen kudancin Borno ne, daga wani ƙauye a cikin duwatsu. Aikin akawu ne ya kawo Baba Maiduguri, ya kama haya a Mafoni, mu huɗu: shi, Mama, ni da ƙanwata Hannatu. Mama ba ta zo birni da kayan kirki ba, amma ta zo da goran nan. Uwarta ce ta cika mata shi da wake da za a kai ta ɗakin miji. Wake ne ɗan wuri, kafin gero ya nuna ya riga ya fara ciyar da gida. Kowace kaka takan zaɓi manyan ƙwayoyi, ta cuɗa su da toka, ta ɗura a goran, ta toshe bakin da laka, ta rataye shi a madafi inda hayaƙi ke korar ƙwari. Mu yara an yarda mu taɓa komai a gidan ban da shi.

Maƙwabciyarmu Ya Amsa, uwar Yagana, Babarbariya ce gajera mai faɗa da dariya a lokaci guda. Hausarta kowa "kai" ne, mace da namiji. Mijinta Ba Modu yana sayar da bandar kifi da ake kawo masa daga tafki. Katangar da ke tsakaninmu iya ƙirjin babban mutum take, don haka duk abin da aka dafa a gida ɗaya ɗayan ya sani. Da Sallah kwano ya tsallako mana, da Kirsimeti ya tsallaka musu, kuma ba ya taɓa komawa babu komai a ciki.

Wata shekara Ya Amsa ta ɗanɗana faten waken Mama, ta leƙo ta katanga, ta yi gaisuwa da Barbarci. "Wushe, Maman Rifkatu. Waken nan naka, ka ba ni iri."

"A wurinmu ba a ba da iri," in ji Mama.

Ya Amsa ta riƙe haɓa. "Rowa haka?"

"Ba rowa ba ce. Irin da aka miƙa hannu da hannu ba ya fita. Sata ake yi. Zan ajiye, in juya, ke kuma ki ɗiba. Kuma kada ki kuskura ki yi godiya, in kin gode ya mutu a ƙasa."

"A'uzubillahi! Ni da furfurata in yi sata?"

Sai da maganar ta kai gaban Ba Modu. Ya yi dariya har da tari, ya ce abin da mai shi ya ajiye don a ɗauka ai ba sata ba ne, ta je ta sata da izininsa. Ina tsaye aka yi. Mama ta ɗora goran a kan katanga, ta juya ta durƙusa tana hura wutar da ke ci lafiya lau. Ya Amsa ta waiga hagu, ta waiga dama, ta zazzaga a gefen lafayarta, ta ruga ɗaki da gudu. Ni da Yagana muka yi dariya har cikinmu ya ƙulle. Tun daga nan gidajen biyu suka haɗa gona ɗaya a bakin kogin Ngadda, muna fita tare muna dawowa tare.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi.

Ta fara ne kamar kowace shekara, shi ya sa ta cuce mu. Bazara ta yi tsanani, har ƙafa ba ta iya taka yashi babu takalmi, sannan wata rana da la'asar gabas ta yi baƙi, aka sheƙa ruwa. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Gari na wayewa muka kama hanya. Mama na gaba da sungumi tana sara, Ya Amsa na gefenta, ni da Yagana muna bi muna jefa ƙwaya muna rufewa da diddige. Gero a layi, wake a tsakani. Bayan 'yan kwanaki gona ta yi kore shar, Baba ma da bai san noma ba sai da ya je ya gani.

Daga nan sama ta rufe bakinta. Kullum da yamma hadari zai haɗu, iska ta taso ta kaɗa ganyen dalbejiya, mata su kwashe shanya, mu jera bokitai a bakin indararo. Sai hadarin ya yi ta gurnani, ya zagaye gari, ya watse. Mu kwashe bokitanmu a bushe. Shuka ta fara naɗe ganye da rana tana buɗewa da safe, daga baya ta daina buɗewa. Musulmi suka fita roƙon ruwa a fili, rana na dukansu. Mu ma a coci aka yi ta addu'a har muryar fasto ta dushe. Aka samu yayyafi guda mai ɗan ƙarfi, kowa ya kwashi sauran irinsa ya sake shukawa. Wannan karon ko tsawon yatsa bai kai ba ya ƙone. Mama ta girgiza goran ta saurari abin da ya rage, ta sake toshe shi da sabuwar laka. Ta ce, "Wannan na baɗi ne. Ko mutuwa na yi kada wanda ya taɓa."

Ranakunmu suka koma iri ɗaya. Da sassafe ni da Yagana mu ɗauki bokiti mu bi layin famfo. Wani lokaci ya kawo siriri, wani lokaci ya yi ta tarin iska har rana ta take, mu wuce rijiyar da guga ke fitowa rabi ruwa rabi laka. Mu dawo Mama ta dama kunu mai ruwa-ruwa wanda kana iya hango gindin kofi. Baba ya sha, ya ɗaure bel ɗinsa da ya ƙara wa huda da ƙusa, ya tafi ofis a ƙafa da rigarsa a goge, don shi ko duniya za ta tashi sai an goge riga. Hatsi ya yi tsada har albashi ya zama abin dariya. Ga kuma 'yan'uwa daga ƙauye, wannan ya zo ya kwana biyu, wancan ya zo da iyali, kuma ba a korar ɗan'uwa.

Tsakar rana ba a motsi. Mu shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dalbejiya mu kwanta, kwanon rufi na ƙara don zafi, ƙudaje ma sun gaji. Yunwa ba ciwo take yi kullum ba, na koyi wannan a shekarar. Da farko takan murɗa ciki, daga baya sai ta koma kasala da jiri, ka miƙe ka ga gari ya yi duhu. Idan rana ta yi sanyi mu fita neman ganyen tafasa a bakin kogin da ya zama yashi, mu tsinci aduwa muna tsotsa a hanya. Abinci sau ɗaya ne, da yamma: tuwon dusa da miyar ganye, Mama na rabawa tana cewa ita ta ƙoshi tun wajen tuƙi.

Azumi ya faɗo a tsakiyar wannan. Ina jin tausayin su Ya Amsa har yau in na tuna. Takan jiƙa lafaya ta lulluɓa, kafin wani lokaci ta bushe ƙayau. Tafki ya ja baya, kwandunan Ba Modu suna zuwa da sauƙin ɗauka. Su ma ba wadata gare su ba, amma sun fi mu da ɗan abin da suka adana. Da an kira sallar magariba sai ga Yagana da kwano a rufe.

"Ki ce mata mun gode, mun ci," in ji Mama.

Yagana ta dube ni, na dubi ƙasa. Kwano ya koma yadda ya zo, ƙamshinsa ya tsaya a tsakar gida. Na ji haushin Mama ƙwarai a lokacin, na ɗauka girman kai ne kawai. Sai da na girma na gane. Shekara da shekaru kwanon nan na kai da kawowa tsakanin mata biyu da suke daidai da juna. Idan ta karɓa alhali ba ta da abin da za ta zuba a mayar, to daga ranar ta tashi daga maƙwabciya ta koma abar tausayi. Wannan ne ba ta iya haɗiyewa ba.

Har wata dabara ta yi. Idan babu abin dakawa, sai ta zuba ɗan ƙaiƙayi a turmi ta yi ta lugude da la'asar, don a ji ta bayan katanga a ce gidan akawu ana girki. Ni ce ke taya ta. Kunya da dariya abin ke ba ni yanzu. Wai Ya Amsa za a ruɗa da sautin turmi, matar da ta fara daka tun kafin a haifi Mama.

Sai Hannatu ta kamu da ƙyanda. Ta sha wuya, ta fita da ƙyar, amma ta fito babu komai a jikinta sai idanu. Malamin asibiti ya ce yanzu ba magani take buƙata ba, abinci ne. Ga shi ko an ba ta tuwon dusa sai ta kau da kai, kunu ma ta kurɓa ta dawo da shi. Wata rana da hantsi tana kwance a cinyar Mama ta ce, a hankali, "Mama, wake."

Mama ta daɗe tana shafa kanta. Sannan ta kwantar da ita, ta shiga madafi, na bi ta. Ta sauko da goran, ta ƙwanƙwasa lakar da bakin wuƙa. Ta zazzage shi duka a ƙwarya, ta wanke tokar, ruwan ya yi fari. Ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ƙauyenmu ma ya ƙone a shekarar, 'yan'uwa sun faɗa mana kowa ya cinye irinsa, kakarmu kuma ta riga ta rasu. Mama ta san abin da take wankewa ke nan, babu wani a ko'ina. Ta dafa shi lugub da ɗan gishiri da kanwa, ta riƙa ba Hannatu kaɗan-kaɗan har ya kai mu wasu kwanaki. Yarinya ta ci. Ta fara zama da kanta. Mama ta mayar da goran ta rataye, wofi, in iska ta shigo ya riƙa lilo.

Ƙamshin wake ba ya ɓuya. Kuma Ya Amsa ta san babu mai dafa waken nan a wannan watan sai wanda ya fasa irinsa.

Washegarin ranar da aka fara dafawa, da safe, muka ji muryarta. "Maman Rifkatu! Zo nan."

Mama ta je bakin katanga. Ga ƙwarya a kai, cike da gero har da tozo.

"Ya Amsa, na ce miki mun…"

"Wa ya ba ka? Ni ban ba ka komai ba. Wannan iri ne."

"Iri? A wannan watan? Wa ke shuka yanzu?"

"Ina ruwana da lokacin da za ka shuka? Doka taka ce, ba tawa ba. Ni na ajiye."

Ta juya mana baya. Ta kama yi wa akuyarta faɗa da Barbarci, akuyar da ke kwance ba ta yi laifin komai ba. Ta yi mata faɗan jiya, ta yi mata na shekaranjiya, ta shiga zagin uwar akuyar da aka yanka tun bara. Mama na tsaye hannu a ƙirji. Ina ganin jijiyar wuyanta na motsi. Na ƙudurta a raina in ta ƙi wannan karon ni zan ɗauka, a kashe ni. Ya Amsa ta ƙare da akuya ta koma kan kaji, ba ta waigo ba. Azumi take, muryarta har ta fara shaƙewa.

Mama ta miƙa hannu biyu ta sauke ƙwaryar.

"Ya Amsa, Allah ya…"

"Kul!" in ji Ya Amsa, har yanzu bayanta muke gani. "Ka yi godiya ya mutu a ƙasa. Tafi, ɓarauniya."

Ranar turminmu ya yi sautin gaskiya. Kuma ranar ce kaɗai a duk shekarar na ga Mama ta yi kuka, tana daka hawaye na sauka, tana dariya tana cewa, "Ji matar nan, wai ɓarauniya."

Haka muka ƙarasa daminar da ba damina ba. Bayan 'yan kwanaki sai a ga "iri" a kan katanga, akuya kuma ta sha faɗa. Irin gero, irin dawa, wata rana irin kuka da daddawa. Ran da aka ajiye banda guda uku, Baba ya ɗaga ɗaya ta wutsiya ya ce, "To wannan a wace gona za mu shuka shi? A kai ƙasa ko a kai sama?" Mama ta ce ya ci ya yi shiru kada ya ɓata mata shuka. Ita ma ba ta zauna haka ba. Ta iya ɗinkin hannu, sai aka wayi gari rigunan Yagana da suka yage suna "ɓacewa" daga igiyar shanya, su dawo a gyare. Babu wanda ya taɓa gode wa wani.

Da shekara ta zagayo ruwa ya dawo, ya dawo da ƙarfinsa har indararo na ambaliya. Muka fita tsakar gida muka tsaya a ciki, Hannatu na tsalle da 'yan ƙafafunta. Kowa na murna ban da Mama. Ta samo irin gero, ta samo na wani wake fari na kasuwa, amma ina ganinta tana satar kallon goran.

Da safe muna shirin fita gona sai ga wani tsohon gwangwanin madara a kan katanga, an toshe bakinsa da laka, an yi shi a karkace irin aikin wanda ya koya daga kallo. Ya Amsa kuwa tuni ta ba mu baya, ta tasa akuya a gaba. Mama ta fasa lakar. Toka ta zubo, sannan ƙwayoyin, farare masu ɗigon ja a baki.

Ashe duk yunwar nan Ya Amsa na ɓoye da nata a ƙarƙashin gado. Yagana ta faɗa mini ta taɓa kai hannu sau ɗaya ta sha ranƙwashi. Da Mama ta tambaye ta daga baya yadda aka yi ba ta dafa wa 'ya'yanta ba, sai ta ce, "Kayan sata ne. Ina azumi zan ci kayan sata?"

Jikokin jikokin waken gwangwanin nan ne ke cikin faifai a gabana ran bikin. Mama ta rasu, Ya Amsa ta rasu, an rushe gidajen biyu an yi shaguna. Ni ma na bi zamani. Tun safe nake ƙulla wake a leda ina miƙa wa mutane hannu da hannu, suna godiya ina amsawa, kuma na san zai fita, don iri bai san wa ya gode ba. Yaran da suka shirya bikin ba su yi laifi ba, alheri suka nufa, sun kuma tara irin da ni ban taɓa gani wuri ɗaya ba. Abu guda ne kawai ba su tanada ba: inda mutum zai ɗauka babu mai kallonsa.

Yagana ta ce, "To Rifkatu, bari in koma, yara na jira."

Na ɗauki faifan na juye sauran waken cikin goran, na ɗora shi a bakin tebur, daidai gabanta. Sannan na juya kujerata gaba ɗaya, ƙafafunta na jan ƙasa, na ba ta baya. Babu akuya a filin, sai na kama yarinyar nan mai fara'a.

"Ke 'yata, zo nan. Wa ya ɗaure igiyar rumfar nan? Haka ake ɗauri? In iska ta taso a kan wa za ta faɗo?"

"Mama, ai da kyau take. Baƙuwarki fa na tsaye."

"Na sani. Ke dai kalli igiya."

Na yi faɗan igiya, na yi faɗan turaku, na shiga faɗan wanda ya saka tabarmar rumfar. Yarinya ta ɗauka zafi ne ya taɓa ni. Ni kuwa kunnena duk yana baya. Ban ji komai ba. Ina tsoron in waiga in tarar ta tafi, ina tsoron shekarun nan sun cinye mata har da wannan. Faɗa ya ƙare mini, na sake komawa kan igiya daga farko.

Sai na ji shi. Ƙwayoyi na gangarowa ta wuyan gora, suna zuba cikin ƙyalle.

Yarinyar ta zaro ido. "Mama, tana…"

"Ba ta komai. Kalli gabanki."

Muryar Yagana ta zo daga bayana. "Rifkatu, na go…"

"Kul! So kike ya mutu a ƙasa? Tafi, ɓarauniya."

Ta yi wani sauti, rabi dariya rabi kuka. Ina jin tana ƙulla bakin lafaya. Sannan ta faɗi sunan unguwar, ta kwatanta mini kangon, kusa da wata bishiyar aduwa.

"Idan ya nuna ki zo," ta ce. "Katangarmu ma a rushe take, ba za ki sha wahalar sata ba."

Ban juyo ba sai da na goge fuskata.